Dutsen Iyaka Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Turawa ba su bar ƙasar nan ta daɗin rai ba, sai da aka shekara shida ana ɓarin wuta. Da suka ga babu sarki sai Allah, suka tattara komatsansu, suka bar ƙasa biyu a inda da ake da ɗaya: Tarayya a kudu, Jamhuriyar Arewa a sama. Manyan da suka zauna sulhu duk sun gaji, babu mai niyyar shiga daji da igiyar awo. Sai suka rubuta cewa iyaka za ta bi duwatsun simintin da Bature ya kakkafa tsakanin larduna, kowanne a inda aka same shi tsaye.

Wannan magana ce ta ci Yamusa, manomin doya a Kupeyi, wani ƙauyen Gbagyi a bayan Bwari.

Dutse mai lamba arba'in da ɗaya a kan tudu Bature ya kafa shi, can gaba da gonakin ƙauyen. Amma matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, kuma mahaifiyar Yamusa ta tsufa, ba ta iya ɗaga tulu daga ƙasa zuwa kafaɗa. Sai Yamusa da ƙanensa Ishaya, suna samari masu jin ƙarfi da ƙarancin tunani, suka tumɓuke dutsen, suka mirgino shi har bakin rafi, suka kafa. Tsawonsa ya yi daidai. Tsohuwa ta riƙa ɗora tulu a kan dutsen, ta ɗan sunkuya ta zame shi zuwa kafaɗa. Ta sa musu albarka har ta koma ga Allah, matan ƙauye kuma suka shekara talatin suna cin moriyarsa.

A bakin rafin masu awo suka same shi, nan sojoji suka ja waya a watan Janairu. Gidaje suka faɗa Tarayya, gonaki suka faɗa Arewa. A gonar Yamusa kuwa akwai rumfar da ya jera irin doyarsa yana jiran ruwan fari. Iri ne da ubansa Wakili ya zo da shi, farar doya mai daɗin sakwara, har ake kiranta doyar Wakili, kuma babu wanda ya rage da ita sai shi. Doya ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a manta. Idan damina ɗaya ta wuce ba ta shiga ƙasa ba, an yi sallama da ita ke nan.

A shekarar ne gwamnatin Tarayya ta kwaso kujerarta daga Legas zuwa Abuja, wai don ta zauna kusa da iyaka ta sa ido. Yamusa ya ji cewa ofishin iyakoki ya sauka a Maitama, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau bayan tifa. Maitamar lokacin jar ƙasa ce da katafiloli, ofishin kuwa ɗakin katako, fayil-fayil a ɗaure cikin kwalaye ba a ma kwance su ba. Masinja ya kai shi gaban wata jami'a, Nafeesa, 'yar Zariya da aiki ya riƙe a wannan ɓangaren.

“Baba, me ke tafe da kai?”

“'Yata, na zo in faɗi laifi na. Dutsen nan na Kupeyi, ba wurin shi ba ne. Ni ne ya ɗauke shi.”

Ya ba ta labarin tulun daga farko har ƙarshe, ya ce in ɗauri ne a ɗaure shi, amma a mayar da dutsen kan tudu kafin ruwa ya sauka. Nafeesa ta buɗe taswira, ta daɗe tana kallo. Ta yarda da shi, kuma hakan ne ya fi damunta.

“Baba, taswirar Turawa ta ƙone lokacin yaƙi. Wannan sabuwa ce, daga inda aka ga duwatsun aka zana ta. Duwatsu ɗari uku da goma ne. Ranar da muka ce ɗaya ya matsa, 'yan Arewa ma gobe za su ce hamsin sun matsa, sai a koma gidan jiya. Ko oga na kai wa maganar, ba zai sa hannu ba.”

“Ramin shi yana nan a tudu. Zan nuna ki.”

“Na san yana nan. Ni ma mahaifiyata tana Zariya, shekara biyu ban sa ta a ido ba.”

Abin da ta iya yi ta yi. Ta cike masa takardar neman izinin ƙetarawa na yini ɗaya, ta rubuta “gaggawa” da jan biro a samanta. Ya dangwala yatsa, ya yi godiya har yana durƙusawa, ita kuwa kunya ta hana ta ɗago kai.

Ruwan fari ya sauka a Afrilu. Kullum da safe Yamusa yakan tsaya a bakin waya ya hangi rumfar. An shafe dutsen da farin fenti, an hana matan ƙauye ɗora tulu a kansa. Ishaya ya ce su ratsa ta cikin rafi, amma a makon aka harbe wani makiyayi da ya bi saniyarsa, maganar ta mutu a nan. Baƙin ciki ya ci Yamusa har ya rame, ga shi babu wanda zai zarga, don da hannunsa ya mirgino dutsen, kuma ko yau uwarsa ta dawo zai sake mirgino mata shi.

Takarda ta fito a ƙarshen Agusta, da hatimi huɗu. Saboda jan biron Nafeesa ne ma ta yi wannan saurin.

Ya ɗauki babban kwando ya ƙetara. Ciyawa ta kai masa ƙirji. Irin ya tsira a rumfar, ya miƙa yaɗo yana neman ƙasa, ya cinye kansa ya bushe. Yamusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ɗari huɗu da wani abu, kowanne ya lotse a hannunsa kamar tsohuwar ƙwarya. Ya tona ƙarƙashin rumfar da yatsu ko wani ya faɗo ya kama ƙasa. Gara ta riga shi.

Da la'asar ya dawo bakin waya. Sojan da ke tsaye jikin dutsen ya karɓi takardar, ya buɗe littafinsa, ya lashi bakin fensir.

“Baba, me ka shigo da shi daga ƙasar waje?”

Yamusa ya kifa kwandon a ƙasa don ya gani da idonsa.

“Ba komai, oga. Rubuta ba komai.”