Rigar da Titi Ta Ɗinka

Da gwamnati ta ce za ta raba kekunan ɗinki a garinmu Saki don rage zaman banza, sharaɗi ɗaya ta gindaya: sai wanda mai koya masa ya yaye shi, aka yi masa addu'a da gishiri da zuma a gaban ƙungiyar teloli. Ni Abeke na tsufa a shagon Iya Titi, ni ce yanka, ni ce ɗinki. Na durƙusa na roƙe ta ta yaye ni.

"Ke? Hannunki bai nuna ba tukuna," in ji ta, tana cin amala, ko kallona ba ta yi ba.

Ashe 'yarta Titi ta yaye a ɓoye, yarinyar da ko zare ba ta iya zura wa allura ba! Wallahi ranar na ji zuciyata kamar ta fashe. Ana gobe rabon kekunan, Iya Titi ta jefo mini atamfa.

"Kowa da ɗinkin hannunsa zai je a jiki. Ki yi wa Titi riga da siket mai kama jiki."

"To, Iya," na ce.

Na zuba gwaninta, ɗinki ya fito kamar a lashe. Amma gefe da gefe da bayan siket ɗin, zaren kafi kawai na sa, irin wanda ake zarewa da yatsa bayan gwaji. A tsaye ba abin da zai same shi. Sai dai wace 'yar Yarbawa ce za ta karɓi kyauta a hannun manya tana tsaye?

Aka cika fili, ana kiɗa. Aka kira Titi, ta taho tana rangwaɗa, ta zube gwiwa biyu gaban shugaban ƙaramar hukuma. Ɓarrr! Siket ya rabe har ƙugu, riga ta buɗe ta haƙarƙari. Mata suka yi kanta da mayafai, samari suna ta shewa.

Shugaban teloli ya miƙe. "Iya Titi, wannan aikin kika yaye?"

Kunya ta rufe ta, ta manta inda take. Ta nuno ni, tana kumfar baki.

"Ba ita ta ɗinka ba! Waccan muguwar ce, Abeke! 'Yata ba ta taɓa hawa keke ba!"

Makaɗa suka tsaya cak. Na gyara ɗaurin kallabina, na fito tsakiyar fili na durƙusa a hankali, cikin nawa ɗinkin.

"Baba, ku ce ta maimaita, na baya ba su ji ba."