Ƙafafun Malama Indo

"Ɗaga, Malama. Saura uku."

Muryar Rahama ce ta tsallako katanga, alhali sau biyu ina kiranta ta zo ta sauke mini tukunya. Ni na haife ta, amma tun da ta fara aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Gusau, in ta sauka mota a Tsafe da la'asar ba ɗakina take fara leƙawa ba. Gidan maƙwabcinmu Malam Sahabi take faɗawa da farin kayanta, ta durƙusa gaban matarsa Indo, tana lanƙwasa mata ƙafa tana miƙarwa.

Da can Indo malamar firamare ce, siririya mai saurin tafiya, ita ta koya wa Rahama karatu. Ciwon ya fara mata da gani bibbiyu, daga nan ƙafar hagu ta soma ja. An sha rubutu, an yi hayaƙi, daga baya likitocin Sakkwato suka ce cuta ce mai cin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, ba ta warkewa, sai lallaɓawa. Shekara shida tana kan keken guragu. Zama da magunguna suka tara mata jiki, har sai da aka fasa ƙofar ɗakinta aka faɗaɗa. Rahama ta hana ta cin masa, ta rage mata tuwo, ta cika robobin ruwa biyu da yashi ta ce ta riƙa ɗagawa safe da yamma.

To ni ma ina da ƙiba. Gwiwoyina har ƙara suke in zan tashi daga sallah. In na yi kuka da su sai Rahama ta ce in rage man shanu, in riƙa zagaya tsakar gida, ta wuce abinta. Ni a ba ni baki, Indo a ba ta hannu. Ina zaune ina jin dariyarsu. Ranar da na ji Indo ta ce mata "ɗiyata", ita kuma ta amsa, abinci bai wuce mini ba.

Da damina ta kankama na kwanta, na ce bayana ya riƙe. Ba ƙarya ce zalla ba, amma bai kai ga kwanciya ba. Na ce wa Rahama in ta taka gidan can kafin in miƙe, ban yafe ba. Ta yi ta roƙona, ta ce ƙafafun Indo in suka yi mako ba motsi sandarewa suke. Na ce ai Indo tana da miji.

Kwana goma sha tara Rahama ta yi tana murza mini baya da man zafi. Hannunta da ƙarfi. Gaskiya na ji daɗi.

Malam Sahabi tsoho ne, ga noma a Kucheri, ba ya iya juya Indo shi kaɗai. Ta daina saukowa daga gado. Gyambo ya fito mata a ƙugu, tari da zazzaɓi suka biyo. Da Malam Sahabi ya yi sallama a zaurenmu, jikina kawai ya tambaya, bai ambaci Rahama ba. Wannan ya dame ni, washegari na ja mayafi na shiga wajen Indo.

Na same ta a jingine da matasai, tana numfashi da ƙyar. Ta tambaye ni baya, na ce da sauƙi.

"Na sani, Yaya," in ji ta. "In Rahama ta tafi aiki ina jin takunki. Sha huɗu ne daga ɗakinki zuwa randa. Jiya ma na ji kina daka."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce ita da za a ba ta taku sha huɗun nan sau ɗaya, da ba ta nemi komai ba kuma. Na rasa inda zan sa idona.

Da yamma na ce wa Rahama ta je. Ta duba ta, ta ce sai asibiti. Maza huɗu suka kama katifa suka sa ta a mota zuwa Gusau. Kwana uku ta yi can, ran Laraba da hantsi ta cika.

Da aka kawo ta na tare Rahama a ƙofar ɗaki, na tambaye ta ko kwanakin nan da na hana ta zuwa ne suka jawo. Ta ce likita ya ce ciwon ƙirji ne, kuma masu irin cutar sau da yawa ta nan suke tafiya. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba.

"Allah ya sani, Inna," ta ce, ta wuce ɗebo ruwa.

Mu biyar muka yi mata wanka, don mutum biyu ba za su iya juya ta ba. Ni aka bar wa wajen ƙafafu. Rahama tana zuba ruwa da buta, ba ta dube ni ba. Na ɗago ƙafar dama, na ji ta ba nauyi. Tafin sumul kamar na jariri, ba kaushi ko ɗaya. Na riƙe shi a tafin hannuna, ina bin tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ruwan ɗumi yana gangarowa ta gwiwar hannuna.