Gyambon Auta

...har ƙofar ma sun sake ta, ta ƙarfe ce yanzu. Bishiyar tsakar gida babu ita. Baba ya koma dogara sanda, wai ado ne. Gari ya cinye jeji har gindin dutsen da muke zuwa jifan rema muna yara, katangarmu ta jingina da shi. Sai Auta — ƙanwata, wadda na bari tana dariya har sai an tsawata mata — mayafi a rabin fuska.

Gyambo ne a kunci. Zagayayye, bakinsa a ɗage, ba ya zafi, ba ya warkewa. Na san shi. Can inda muka yi aikin titi, leburori da yawa sun kwasa... likitan kamfani ya ɗaga mana wani ɗan ƙuda a kwalba, sai da na matse ido na gan shi. Ƙudan rairayi. Ba ya kuka irin na sauro. Ya sha jinin rema ko ɓeran daji a rami, da almuru ya fito ya sha naka, ya bar maka abin da ya ɗauko. Ita remar lafiyarta ƙalau, tana kan dutse tana shan hantsi.

Na gaya wa Inna. "To, likita bokan Turai, daga zuwanka?" Ita abin da ta sani ke nan: ɗauka ake yi. Shi ya sa kofin Auta daban, tabarmarta daban, jikoki ba sa hawa cinyarta. Keken ɗinkinta ya yi ƙura, mata sun daina kawo yadi. Aka kuma mai da ita ɗakin baya... ɗakin da ke manne da dutsen, bango duk tsaga, ramuka a gindinsa. Don a tsare gida aka kai ta bakin rami. Ga gidan sauro mai manyan idanu, Inna da kanta ta ɗaura mata — in ce mata me? Ƙudan ko sunkuyawa ba ya yi yake shigewa?

Ranar da Inna ta ware kofin, kuka ta yi, in ji matar wana.

Jiya na ɗauki kofin na sha ruwa a gabansu. Sai Auta, ta ƙarƙashin mayafi: "Yaya, kai da ba ka zama, me zai kama ka?" Tana dariya. Dariya ce?

Asibitin babban gari suna da allurarsa. Na ce wa Auta ta haɗa kayanta, ta ce sai Inna ta yarda, Inna ta ce sai Baba, Baba yana kallon ƙasa. Jakata ga ta a buɗe, ita ba ta taɓa ba ni wahalar shiri ba. Na bar gefe guda babu komai. Rana na yin ƙasa, yanzu ƙudajen za su fara fitowa daga tsagar bango, ƙofar Auta kuwa a rufe. In ba ta fito ba — zan zauna? Ni? Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu... hannun ya gaji.