Tumbin Kansila

Idan mutum ya ci tuwon da zai cuce shi don kada ya ɓata wa maƙwabci rai, kirki ya yi ko wauta? Har yau ban samu malamin da ya raba mini wannan gardama ba.

Alhaji Sada, wanda ya zama kansila shekarar da soja suka koma bariki, ya sauko daga kan sikelin asibiti yana haki.

"Alhaji, wata 'yar ƙofa a zuciyarka ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya," in ji likita. "A ƙasar waje za su gyara ta ta ɗan yanka tsakanin haƙarƙari, ba sai an tsaga ƙirji ba. Amma da wannan nauyin, numfashi da warkewar rauni suna iya ba ka wuya. Ka rage."

"Likita, da tumbin nan na ci zaɓe. Wa zai ba ramamme ƙuri'a?"

A gida, matarsa Hajiya Ma'u ta ɗauke man shanu daga miya. Sai dai matsalar tana ƙofar gida, wurin ciyayya. Bayan magariba magidantan layinsu a Ƙofar Guga kan fito da kwanukansu a ci tare, kuma kowa na son kansila ya sa hannu a nasa. Wanda aka tsallake ya kwana da ƙorafi.

"Ka faɗa masu gaskiya mana, Alhaji," in ji Hajiya Ma'u.

"In ce zuciyata na yoyo? Kafin asuba sun tsayar da wani a kujerata."

"Gara rasa kujerar da hawa makara," in ji ta.

Ranar nan daga masallaci zuwa tabarma sai da ya dafa bango ya huta, yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. Da ya zauna, Tanko mahauci ya buɗe farfesun ƙafar saniya, mai na yawo a kai.

"Ranka shi daɗe, don kai aka yi. Mi kake jira?"

Alhaji Sada ya wanke hannu. Ya dubi ɓargon, ya saurari ƙirjinsa. Sannan ya tura kwanon gaba a hankali.

"Jama'a, zuciyata ba lafiya. Aiki za a yi mani, kuma an ce sai na rame."

Tanko ya jawo kwanon gabansa.

"Allah shi ba da lafiya. To gobe kwaɗon zogale zan kawo maka, amma fa nawa za ka fara ci."