Kum a Kujerar Gefe

Tun a zagayen farko Milutin ya gane cewa ya ɗebo ruwan dafa kansa.

"Taka! Taka mana, kum! Ƙwai ka ajiye a ƙarƙashin totur ɗin ne?"

Budimir ke nan a kujerar gefe, hular kwanonsa ta tsufa har fentinta ya kwaile, ledar 'ya'yan kabewa a cinyarsa, yana ɓarewa da haƙori yana tofar da ɓawon ta taga. Rabin ɓawon iska ke dawo da shi cikin mota.

Milutin mai gidan burodi ne. Rabin rayuwarsa ya yi shi yana lallaɓa motar kai burodi a hankali don kada farantai su kife. Da furfura ta fara cin gemunsa sai ya sayi wata tsohuwar jar mota, ƙarama, ya ce kafin ya mutu sai ya san yadda ake shan kwana da gudu. Ba tsere ya zo yi ba. Ƙungiyar masu motoci kan buɗe tsohon filin jiragen soja da ke tsakiyar gonakin masara, kowa ya zo da motarsa ya zagaya. Ɗan koyo ana manna masa rawayen salatif a gicciye a gilashin baya, a zaunar masa da malami a gefe. Muddin salatif ɗin yana nan, ba mai wuce ka a kwana, ba mai manne maka a baya. Malaminka ne kaɗai ke da ikon ɓare shi, kuma daga lokacin da ya ɓare ka shiga cikin manya, kai da halinka.

Jasna, matar da ke tafiyar da ranar, ta so haɗa shi da wani malami mai sanyin hali, Slavko. Kafin ta rufe baki Budimir ya ratso taro da hannuwa a buɗe.

"Wa zai taɓa mini kum? Ina raye a ba wani?"

Magana ta ƙare. Budimir ne ya tsaya wa Milutin ranar aurensa da Zorka, shi ya raɗa wa 'yarsu suna a coci, kamar yadda uban Budimir ya yi wa uban Milutin. A al'adarsu, waɗanda wannan zumunci ya haɗa kum suke kiran juna. Mutum yakan yi faɗa da ɗan'uwansa, ya shekara ba su gaisa ba, ba wanda zai ce uffan. Amma kum ba a ɗaga masa murya, ba a kunyata shi a bainar jama'a, ba a ce masa "ba na so." Tsofaffi na cewa Allah a sama, kum a ƙasa.

Wanda ke ƙasan kuwa bai iya koyarwa ba ko kaɗan.

Akwai wata kwana a ƙarshen doguwar miƙa da ake ce wa Kwanar Rijiya. Tana farawa a buɗe kamar ba komai, sai ka shiga ta matse ka. Kafin a kai gare ta an kafa alluna a gefen hanya don mutum ya san inda zai fara birki.

"Kum, a wane allo zan taka birki?"

"Allo? Allo na 'yan makaranta ne! Mu a zamaninmu, da muke tseren hawan dutse, birki sai ka ga mala'ikan mutuwa ya ɗaga maka hannu."

"To yanzu fa? Ga ta nan ta taho!"

"Ji da jikinka, kum, ji da... birki! Birki! Wayyo, birki!"

Hannun Budimir ya kai wa sitiyari cafka. Motar ta yi juyi, duniya ta kewaya, suka tsaya cikin ciyawa suna fuskantar inda suka fito. Ƙura ta lafa. Budimir ya tsince ɓawon kabewa daga ƙirjinsa.

"Madalla. Yanzu ka san inda ba a bi."

Haka safiyar ta tafi. In Milutin ya yi tambaya, labari yake samu: yadda Budimir ya taɓa cin tsere da taya uku, yadda wata mawaƙiya ta sumbaci bonet ɗinsa. In ya yi shiru, tsawa yake sha. Sau ɗaya mai tsaron kwana ya kaɗa rawayar tuta, alamar a rage gudu, wata mota ta mutu a gaba. Milutin ya ɗaga ƙafa.

"Me ka tsaya yi? Taka!"

"Tuta, kum."

"Wace tu... E, na gani. Gwada ka nake yi."

Suka sake shiga ciyawa a Kwanar Rijiya kafin a tashi cin abinci. Milutin ya fito daga mota rigarsa sharkaf, muƙamuƙinsa na ciwo saboda cije maganganun da ba su halatta a gaya wa kum ba. Ya hangi Slavko can yana zana wa ɗalibinsa kwana a ƙasa da tsinke, a natse, yana nuna nan ka shiga, nan ka fita. Ya ji kamar mayunwacin da ke leƙen tagar gidan burodinsa.

A ƙarƙashin rumfa aka raba faten wake da burodi. Burodin ma ba na kirki ba ne, amma Milutin bai da ƙarfin kushewa. Yana cikin ci sai ya ji Budimir na buga cokali a kwano.

"Jama'a, ku zo ku shaida! Kum nawa zaki ne. Abin da wasu ke shekara ba su iya ba, shi kafin azahar ya haɗiye."

Ya nufi jar motar, mutane suka bi shi da kwanoninsu. Milutin ya tashi da loma a baki. Budimir ya ɗora tafin hannu a gilashin baya, ya shafa, ya shafa, yana laluben bakin salatif kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin baƙunta. Da yatsunsa suka same shi sai ya fizge, ya dunƙule, ya ɗaga sama. Aka yi tafi. Wani mai baƙar mota, wadda ƙararta kaɗai ke sa haƙoran mutum kaɗawa, ya daki kafaɗar Milutin.

"Barka da shigowa, baba mai burodi. Ka dai riƙa duba madubi, don ni ba na sallama."

Jasna ba ta yi tafi ba. Ta dubi ciyawar da ke maƙale a ƙarƙashin motar, ta dubi Milutin. Sai dai doka doka ce, malami ya yanke.

"To, Budimir, tunda ka sami sarari, ga Tijana. Yau ta fara, motar babarta ce. Bayan abinci ka shiga da ita."

Wata budurwa mai tabarau ta ɗaga hannu tana murmushi. Budimir ya mayar da gaisuwa, amma ga matar da ke kusa da ita.

Nan ne abin ya faɗo wa Milutin gaba ɗaya. Allunan da Budimir ba ya so a yi maganarsu. Tutar nan. Laluben salatif, rawaye ɓau a kan baƙin gilashi da rana tsaka. Da kuma motar Budimir da tun bara take "wajen bakanike," kullum sai dai a rage masa hanya.

Ya ja Budimir bayan motar, inda ba kowa.

"Kum, idona ya gaji. Mutumin can na bakin hanya, wace tuta ce a hannunsa?"

Budimir ya ƙanƙance ido. "Kore. Hanya a buɗe take."

"Ganga ce, kum. An ɗora mata tukunyar kashe gobara."

Budimir ya zura hannu a leda, ya fito da shi ba komai.

"Hazo-hazo ne kawai," ya ce. "Tun bara. Na kusa ina gani sarai."

"Shi ya sa ka ɓare mini salatif?"

"Na ɓare don ka iya."

"Sau biyu na shiga ciyawa."

"To ai ka fito."

"Kum."

Budimir ya fesar da numfashi. "Tsoro kake ba ni, shi ke nan, ka ji. Ka yi ta rarrafe kamar mai kai gawa, sai an zo kwana ka tuna kana da totur. Na ce bari in sauka da raina." Ya kama hannun rigar Milutin. "Kada ka gaya wa Jasna. Matata ma ba ta sani ba. In suka hana ni shiga mota me ya rage mini? In zauna a benci ina watsa wa tattabaru gero?"

Milutin ya dubi sama, ya nemi haƙuri a can, tunda na ƙasa ya ƙare. Ya auna abin ta kowace fuska, kowace da ƙayarta. In ya yi shiru ya fita shi kaɗai ba salatif, mai baƙar mota zai same shi a Kwanar Rijiya yana tunanin ya san abin da yake yi, Tijana kuma ta tafi da makaho a gefenta yana mata ihun taka. In ya je ya faɗa wa Jasna gaskiya, ya tona asirin kum a gaban mutanen da suka san shi tun yana gwarzo, kuma har jikokinsu za a riƙa cewa gidan mai burodi ne suka ci amanar kum. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, ba shi ya ɓoye ciwon ido ba, ba shi ya yi ƙaryar taya uku ba, amma ga kayan an sauke a ƙofarsa. Ya zo ne ya koyi kwana ɗaya tak. Ko wannan ma an hana shi.

Ya bar Budimir a tsaye ya koma rumfa. Bai rage murya ba.

"Jasna, a taimaka mini da salatif."

Cokula suka tsaya.

"Kum ya ce na iya, kuma shi ya san aikinsa. Ni ne dai matsoraci. Ba zan iya fita ba sai da shi a gefena."

Dariya ta ɓarke. "Zaki ya koma kyanwa!" in ji mai baƙar mota. Wani ya ce a kawo wa baba mai burodi bargo da madara. Wani ya tambaya ko Zorka ce ke raka shi bayan gida. Milutin ya tsaya yana shanyewa, kunnuwansa kamar an fito da su daga tanda.

Jasna ta miƙo masa salatif ɗin, ba ta saki da wuri ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli Budimir can yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Har yaushe za ka riƙe mana shi?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Duk ranar da kuka buɗe fili, ina nan. Kada a ba shi kowa. Nawa ne."

"Ka san hakan na nufin salatif ɗin nan ba zai bar gilashinka ba."

"Na sani," ya ce da ɗaci. "Alfarma ɗaya. Ki ba yarinyar nan Slavko, ki bar ni in bi bayansu."

Ta saki salatif. "Slavko! Ajiye cokalin nan, ka yi ɗaliba."

Milutin da kansa ya manna, gicciyen ya fito a karkace. Da suka shiga mota ya ɗaura bel, bai tayar da inji ba.

"Kum, ina da roƙo. Kum ba ya ƙin roƙon kum, ko ba haka ba?"

"Faɗi," in ji Budimir.

"Ran Litinin zan je asibitin ido a birni. Na gaya maka idona ya gaji. Ina so ka raka ni."

"Idonka ƙalau yake, munafuki."

"Na biyu, hannuwan nan naka. Ka zauna a kansu."

"A kan hannuna? Ni? Mutumin da ya ci tsere da..."

"Taya uku. Na ji. Zauna a kansu, don girman Allah."

Budimir ya yi gunaguni, ya ɗaga cinya ya tura hannuwa ƙarƙashi.

Suka fita a bayan farar motar Tijana. Milutin ya kafa ido a fitilun birkinta. A doguwar miƙa ya ga sun kama daidai allo na tsakiya, tun da sauran nisa, da wuri fiye da yadda ya taɓa zato. Shi ma ya taka. Farar motar ta buɗe can gefe, ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, sai da kwanar ta matse sannan ta shige ciki. Ya bi sawunta. Taya ba ta yi kuka ba, ciyawa ta wuce a inda Allah ya shuka ta. Kwanar Rijiya ta koma cikin madubi.

Wani abu mai daɗi ya taso masa daga ciki. Bai kai maƙogwaro ba Budimir ya fashe da ihu.

"Ka gani? Ka gani? Me na gaya maka tun safe? Ji da jikinka! Wallahi koyarwa baiwa ce. Yanzu taka, wuce yarinyar nan, me muke jira a bayan mace?"

"Ba za mu wuce ta ba."

"Wuce ta, na ce!"

Ta gefen ido Milutin ya ga hannun hagu ya sulale daga ƙarƙashin cinya, yana tahowa wajen sitiyari a hankali kamar ɓarawon kaza.

"Hannu, kum."

"Kabewa zan ɗauka."

"Ledar tana dama."

Hannun ya koma. Suka sha kwana biyu lafiya lau. A ta uku Budimir ya gyara murya.

"Na taɓa ba ka labarin mawaƙiyar nan da bonet ɗina?"

Milutin ya ƙara damƙe sitiyari, ya cije haƙora, ya zuba wa fitilun Tijana ido. Litinin da nisa.