Inda Laba Talatin Suka Shiga

Ni ne mai sikeli a filin tseren motoci na garinmu tun ina saurayi, kuma a duk kudancin jihar Kansas mutum ɗaya ne ya taɓa kallon idona ya ce sikelina ya yi ƙarya. Shi ne Orval Pruitt, aminina, wanda na yi wa babban aboki ranar aurensa. Tun da ya faɗi haka a gaban jama'a, a bazarar 1964, ko sannu ba ta ƙara haɗa mu ba. Coci ɗaya muke zuwa, wurin aski ɗaya, amma da na shigo sai ya ɗauki hularsa ya fice.

Filin namu tsohon filin jirgi ne da sojoji suka bari bayan yaƙi. Mota biyu ake jerawa, mai tuta ya daka tsalle, su zabura a miƙe har rubu'in mil, wanda ya riga isa ya ci. Sai dai ba kowace mota ake haɗawa da kowace ba. Sai an ɗora ta a sikeli, an raba nauyinta da girman cikin injinta, abin da ya fita shi ne ajinta. Mai ƙaton inji da jiki shafal tana ajin A, a yi ta gangarowa ƙasa. Don haka burin kowa motarsa ta tsaya cif a bakin layin ajinta, ta cika nauyin da doka ta ce, amma kada ta ƙara ko na tsinke. Na ga wanda ya huhhuda ƙarfen motarsa kamar rariya don ta yi sauƙi, sannan ya dawo ya ɗaura sandunan darma a but ɗin motar don tayoyin baya su kama ƙasa. Haka muke dukkanmu, har da ni da ke auna su.

Motar Orval ta kamfanin Willys ce, ƙirar 1941, 'yar dunƙulalliya, gabanta a ɗage sama, tana ajin C. Da safiyar ranar aka turo ta kan sikeli babu direba a ciki, yadda doka ta ce. Na duba, na ce masa ta haura layi da laba talatin. Ya yi mamaki, ya yi murna, nan take a kan idona ya kwance sandar darma mai laba ashirin da biyar ya jefar gefe. Ka ga saura biyar ke nan a sama da layi. Ya wuni yana cinye kowa, har ya ci na ƙarshe. Aka sake turo motar don awon mai nasara, sai ga ta ƙasa da layi da laba ashirin da biyar. Na sauke ta na sake hawar da ita, haka dai. Laba talatin sun yi ɓatan dabo tsakanin safe da yamma. Aka karɓe kofin daga hannunsa, shi kuma ya nuna ni da yatsa ya ce an saye ni.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce Orval ya cire wani abu a ɓoye da rana, wasu suka ce ni Lyman na taɓa sikeli. Ni dai na san ban taɓa komai ba. Abin da ya fi cin raina ma ba zagin ba ne, rashin sanin ne. Sama da shekara hamsin, ko doya nake... ko dankali nake aunawa a shago, sai na tuna laba talatin ɗin nan.

Rannan ina zaune a baranda sai ga Twila, 'yar Orval, wadda ke da gareji a bakin gari, ita ma kanta ya fara furfura. Ta tsaya da akori-kurarta ba ta ko kashe inji ba.

"Kawu Lyman, shigo mu je ka ga wani abu."

"Ubanki ya san kin zo wurina?"

"Baba yana gidan kula da tsofaffi, kansa yau a nan gobe a can. Ka shigo kawai, kafin man nan ya ƙare."

A cikin garejin na tarar da Willys ɗin, tayoyi a sace, bodi duk kashin kaji. A wani tsohon siton hatsi ta samo ta a jihar Oklahoma, inda ta bi ta hannun mutum uku bayan Orval ya sayar da ita cikin fushi. Twila ta ce tana so ta mayar da ita daidai yadda take a ranar, don ta kai ta taron tsofaffin motocin tsere, inda ba sa yarda da ko ƙusa ɗaya da ta girmi... da ba ta zamanin motar ba.

"Hoto ɗaya gare ni, shi ma baƙi da fari," in ji ta. "An ce kai ba ka manta motar da ta hau sikelinka."

"Wannan dai ko a kabari aka tashe ni zan zana miki ita."

Na yarda, amma ba don Allah kaɗai ba. Na ce a raina yau ga mota a hannuna, sai na binciko inda ya ɓoye dabararsa.

Muka shiga aiki. Ita ce mai hannu, ni ne mai baki. Ta bi ƙofa da sanfefa a hankali, ta wuce baƙin fenti, ta wuce kore, sai ga ainihin jan ya leƙo, har da inuwar harufan da wani mai zanen allon shaguna ya rubuta da buroshi. Ta so ta fesa sabo mai ƙyalli, na ce wallahi in ta yi na tafi gida, don Orval da buroshin fentin katanga ya gama bayanta. Ta kawo wata kafireta sabuwa fil, na sa ta mayar. Na sa ta nemo fitilu da waifa da kujeru biyu, don ajinmu na motocin titi ne, dole mota ta yi kamar za a iya zuwa kasuwa da ita, ko da kuwa ƙararta za ta kashe kajin unguwa.

In ta juya baya kuma sai na shiga nawa binciken. Na ƙwanƙwasa bamba na baya, don akwai masu cika bututun da ruwa su tsiyaye shi da rana. Na haska cikin ƙarfen ƙasa da tocila ko akwai aljihun da ake zura darma. Na leƙa ƙarƙashin kujera. Babu famfo, babu rami, babu tabon walda ko ɗaya da ban san dalilinsa ba.

"Kawu, wai me ka jefar a ƙarƙashin motar nan ne?"

"Ruwanki? Tsoho ba ya duba abu?"

"Ƙaryar Baba kake nema, na sani. In ka samu ka nuna mini, ni ma na gaji da jin labarin."

Wata rana ta ciro wani ɓallin roba ja daga cikin ƙofa, ta tambaye ni ko mene ne. Na ce taga ce. A lokacin kowa cire gilashi yake ya sa roba don sauƙi, kuma ana yayin mai launi. Ta Orval ja ce wur, mai duhu, in kana waje ba ka ganin komai a ciki sai inuwa.

Bayan kujeru, inda aka cire kujerar baya tun asali, akwai wani katako da Orval ya shimfiɗa. Ya ruɓe, Twila ta sa ƙarfe ta ɓamɓare shi. Ta zura hannu tsakanin katakon da bodi tana kwaso sheƙar ɓeraye, sai ta fito da wani abu ta kakkaɓe shi a cinyarta. Takalmin yarinya ne, ƙafa ɗaya, farin fata da ya koma ruwan ƙasa, bai kai tafin hannuna ba.

Ta fashe da dariya. "Kai! Ashe nan ka shige. Mama har ta rasu tana mitar takalmin nan."

"Naki ne?"

"Nawa ne mana. Na zuwa coci ne, sabo. Ai labarin gidanmu ne, ranar da na ɓata a filin tsere. Ina 'yar shekara uku. Mama ta juya sayen abin sha, ta waiwayo babu ni. Aka yi ta nema, ashe na rarrafa cikin motar nan na ja rigar Baba na lulluɓa, ina ta barcina. Ta ɗauke ni da ƙafa ɗaya babu takalmi. Ba ta gaya wa Baba inda ta same ni ba, don da ya ji sai ya ɗaga filin da faɗa."

Na tuna lasifika tana ta kiran a duba wata yarinya mai farar riga, na tuna Nadine, matar Orval, tana bin layin motoci a guje tana leƙa ƙarƙashinsu. Ni kuwa lokacin layi ya yi mini tsawo a sikeli, ko kai ban ɗaga ba.

"Wace rana ce wannan?"

"Oho. Mama dai ta ce daga ranar ba ta ƙara taka filin ba."

"Daga ranar ai babu wanda ya ƙara takawa a gidanku. Da safe ne ko da yamma?"

"Da safe, kafin a fara. Ta ce motar ma tana..."

"Tana ina?"

"Ta ce an turo ta ke nan daga wurin awo."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na tambaye ta nawa 'yar shekara uku take yi a sikeli. Ta ce jikanta ɗan shekara uku da aka auna kwanan nan laba talatin da ɗaya ne, kuma ana cewa da ita yake kama. Muka kalli juna. Ita ta fara dariya har da riƙe ciki, tana cewa ashe ita ce darmar, ita ce ta cinye wa ubanta kofi. Ni ma na yi dariyar, amma tawa ba ta daɗe ba. Haushi ne ya taso mini, irin wanda ban ji ba tun ina da baƙin gashi. Sikelina gaskiya ya faɗa da safe, gaskiya ya faɗa da yamma. Orval ma bai cuci kowa ba. Kuma a kan haka muka tsufa muna kauce wa juna a bakin coci.

"Ba ni takalmin nan," na ce. "Ni zan nuna masa da hannuna. Sai ya faɗa da bakinsa cewa ya yi mini ƙazafi."

"Kawu, ka bi shi a hankali fa."

"Shi a hankali ya bi ni?"

Na sa takalmin a aljihun rigata, ban ƙara fita babu shi ba. Kullum ina gyara maganar da zan faɗa masa, ina ƙara mata gishiri.

Ranar da motar ta tashi, Twila ta je ta ɗauko Orval da hantsi. Na ga ta sauko da shi daga akori-kura tana riƙe da hannunsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta zaunar da shi a kujera a bakin gareji, ta shiga ta tayar da injin. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, karnukan unguwa suka haukace. Orval ya miƙe tsaye babu mai taimaka masa. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya sa kunne ya ce a ƙara mata iska kaɗan, kuma da Twila ta juya sukurun kafireta sai ƙarar ta daidaita.

Na matso, hannuna a cikin aljihu. Ya juyo ya gan ni. Na jira ya ɗauki hularsa.

Sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Lyman! Ɗan banza, sai yanzu? Tun ɗazu nake cigiyarka." Ya kama kafaɗata ya girgiza. "Ka buɗe sikelin kuwa? Yau fa ni da kofin nan sai gida. Ka ga Nadine? Ta tafi sayo wa 'yar nan abin sha."

Na kalli Twila. Ta kawar da kai tana goge hannu da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa.

"Orval," na ce, "game da awon nan..."

"Kai dai auna kawai, abin da ka ce shi ne. Na gaya wa yaran can na garin Wichita, duk jihar nan babu sikelin da na yarda da shi sai na Lyman."

Yatsuna suna kan takalmin. Maganar da na shirya tana nan a bakina tsaf, amma babu wanda zan faɗa wa ita. Wanda ya yi mini ƙazafi ba ya nan, wannan kuwa bai riga ya yi ba. Ban taɓa jin baƙin ciki da daɗi sun haɗu mini wuri ɗaya haka ba. Na zare hannuna daga aljihu babu komai, na dafa bayan motar.

"To kama can gefen," na ce masa. "Mu tura ta zuwa sikeli."