Sakan Arba'in

Shekara ashirin da uku ina gadin dam, kuma in za a faɗi gaskiya aikin bai wuce na bokiti da agogo ba. Dam ɗin ginin ƙasa ne, ya girme ni, kuma duk dam irinsa yana yoyo. A gindinsa akwai bututun da ke tattara ruwan da ya tsatsafo ta cikin bango. Kullum da safe sai in sauka matakala tamanin da shida, in tara bokiti a bakin bututun, in duba sakan nawa ya yi kafin ya cika, in hau in rubuta a rajista. Ƙarshen wata in kwafe in aika ofis. Ko karantawa suke yi, ko tokare ƙafar tebur suke yi da takardun, ban taɓa sani ba.

Tsohon da na gada, a yini ɗaya ya koya mini aikin. Ya ce wannan dam sakan arba'in ne, haka yake tun da aka gina shi, in dai na ga arba'in in kwantar da hankalina. Ya miƙa mini makullai da bokitin ƙarfe ya koma garinsu, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mutanen unguwar da ke ƙasan dam sun mayar da ni likitansa. Duk mai son sayen fili sai ya tare ni a hanya ya tambaya, ni kuma in ba shi amsa ina hura hanci. Da autata ta yi aure, mijinta, wanda tela ne, ya so su kama haya a cikin gari. Ni na hana. Na ce ga fili nan a layin farko, ga iska, ga ni a sama ina hango rufinsu. Ni na riƙe igiya ranar da aka auna harsashin ginin. Yanzu 'ya'yansu uku a gidan.

Bana ne ofis ya tuna da mu, ya turo injiniya. Mace ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, da hular kwano da takalmin da ya yi mata yawa. A raina na ce an turo mini 'yar makaranta ta koya mini tara bokiti. Ta zauna a ɗakin gadi ta bi rajista shafi-shafi har rana ta take, sannan ta ce ba ta taɓa ganin dam mai ladabi irin wannan ba, shekara ashirin da uku lamba ɗaya. Na ɗauka yabo ne, har na yi godiya.

Muka sauka tare. Na tara, ta riƙe agogo, arba'in da ɗaya. Sai na ga bokitin take kallo.

"Baba, lita nawa ne wannan?"

Na ce mata bokiti ne dai.

Ta tambayi ko shi ne na asali, na ce a'a, wannan na huɗu ne. Na ba ta labarin yadda aka yi, ba tare da na ji ina faɗin wani abin kunya ba. Na ƙarfen ya ɓule a shekarata ta bakwai da fara aiki. Sau uku na rubuta wa ofis a kawo wani, shiru. Na ɗauko na wankin mai ɗakina na tara, ya cika a sakan talatin. Na ce wannan ya yi ƙanƙanta, tunda dam ɗin arba'in ne. Na je kasuwa na kwaso bokitai kala-kala a hannun wani mai robobi, na yi ta gwadawa har na sami wanda ya ba da arba'in cif, na mayar masa da sauran. Da wannan ya fara ba ni talatin da biyar na ce rana ta sa robar ta motse, na sake. Haka na yi har sau uku, kuma kowane karo ina ganin na yi ƙoƙari, na gyara abin da ofis ya kasa gyarawa.

Ta zubar da sauran ruwan gorarta mai cin lita ɗaya, ta tsuguna tana cikawa tana juyewa a bokitina, ni ina ƙirga mata da baki. Mun tsaya a ashirin da shida. Ta ce a takardun ginin, bokitin awo lita goma ne.

Daga nan ta sa yatsa ta shafo gindin bokitin, ta nuna mini jar laka. Ta tambayi tun yaushe nake ganin wannan. Na ce ya kai shekara biyu, amma kullum ina ɗaurayewa tas kafin in rataye. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa majinyaci magana, cewa ruwan da ke fita ya kusa ninka na da sau uku, kuma lakar nan jikin dam ɗin ce ruwa yake gutsura yana fitarwa ta bututu.

Na jira in ji tsoro, ko kunya, ko kuka ya zo. Babu abin da ya zo. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙafar wandona ta jiƙe, kuma akwai matakala tamanin da shida a gabana.

Cikin mako guda motoci suka cika wurin, mutanen da ban taɓa gani ba suna ta nuna juna da biro. Aka ce a rage ruwa, aka je buɗe ƙofar saki, tsatsa ta cinye ta. Ƙarti shida da galan na giris suka samu ta ɗaga kamu ɗaya ta cije. Damina kuwa saura wata guda da 'yan kwanaki. Ba wanda ya zage ni. Wani babba ma ya dafa kafaɗata ya ce laifin na kowa ne, abin da manya ke faɗa ke nan in ba sa son a tsaya a kan kowa.

Aka yanke cewa layi uku na farko su tashi kafin ruwan sama, gida arba'in da bakwai. Ana bukatar wanda ya san gidajen ya bi ya yi musu alama da jan fenti. Injiniya ta ce in ba zan iya ba za ta nemo wani. Na ce wane ne ya fi ni sanin su, na karɓi gwangwani da buroshi.

Na fara daga can ƙarshe. Wasu suka gaishe ni, wasu suka shige ciki suka turo ƙofa. Wata tsohuwa da ta sayar da gonarta ta yi gini a nan saboda maganata ta kawo mini ruwan sha, na shanye na miƙa mata kofinta. Layukan fentina duk sun fita a miƙe.

Gidan Auta ne na ƙarshe. Na tarar an fito da keken ɗinki tsakar gida an ɗaure shi da igiya, surukina yana kwance labule, bai ɗago kai ba. Auta ta fito da goyo a bayanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ciwon gwiwata. Na ce da sauƙi. Ta karɓi gwangwanin ta riƙe mini da hannu biyu don kada in sunkuya.

Na tsoma buroshi na nufi ƙyauren, yadda na yi a sauran gidajen.

"Baba, sa a bango," in ji ta. "Ƙofar za mu cire mu tafi da ita."

Na matsa gefe na sa a bango.